Kullum Ina Gwada Cikina Da Tef, Ya Ragu Da Inci Ɗaya

Goggo, ki taimake ni don girman Allah, kuma ki rufa min asiri kada ki sa sunana. Sau uku ina fara wasiƙar nan ina yagewa, wannan ce ta huɗu. In kin ga ta yi tsawo, ko na kama nan na saki na kama can, ki yi haƙuri da ni, hankalina ne ba ya jikina.

Ni tela ce, shekarata ashirin da tara, shekara shida da aure. Muna da ɗan shago ni da matar da na koyi ɗinki a hannunta, wadda kowa ke kira Yaya Almakashi. Ita ke yanka, ni ke hawa keke. Kekena na ƙafa ne irin na da, in na taka shi mai shagon da ke kusa da mu sai ya ƙara muryar rediyonsa. Maigidana kuma kafinta ne. Gidanmu dai gidan masu tef ne, shi nasa na ƙarfe a aljihu, ni nawa na roba a wuya. Abin da ba mu gwada ba, ba mu cika yarda da shi ba.

Yanzu ina da ciki, a lissafin asibiti sati goma sha shida da kwana biyu. Ciki na biyu ke nan, amma ba ni da ɗa. Dole in gaya miki yadda na farkon ya ƙare, in ba haka ba za ki ɗauka taɓin hankali ne ya same ni.

Shekara biyu ke nan. Na sha laulayi kamar ba zan yi rai ba, ko warin man keke ba na iya shaƙa. Sai wata safiya, ina sati goma, na tashi garau. Na ci burodi har biyu, na hau keke ina 'yan waƙe-waƙena. Murna nake yi, Goggo, sati uku cur ina murna. Ranar da muka je hoton ciki, matar da ke ɗauka ta daɗe tana yawo da abin nan a marata, sai ta kawar da allon daga fuskata, ta fita kiran likita. Suka ce zuciyar ta tsaya tun sati uku baya, wato daidai lokacin da na tashi garau. Ba jini, ba ciwo, ba wata alama. Ina yawo da shi ina ɗinke wa mutane kaya, jikina bai ce min komai ba. Aka yi min wankin ciki, na dawo gida.

A lokacin maigidana har ya haɗa gadon jariri, don shi akwai zumuɗi. Sai abin ya faru. Ya kwance gadon, ya yi min kanta da katakon, ya zo ya kafa a shago. A kanta nake jera yadin mutane. Akwai ramukan kusa guda takwas a jikinta da ba su da wani aiki, ni kaɗai na san abin da aka huda su dominsa, kuma ina fuskantarsu ne in ina kan keke.

To da na samu wannan cikin, sai na ce jikina ba zai sake rufe ni ba. Tun ina sati tara na fara gwada kaina. Kullum da safe in na buɗe shago, kafin Yaya ta iso, sai in shiga bayan labulen da mata ke gwada kaya, in ɗaga riga, in zagaya tef a ƙuguna, daidai inda nake gwada kowa, yatsa biyu sama da cibiya. Ina rubutawa a littafin da muke rubuta gwajin masu kawo ɗinki. Don kada a gane, na buɗe shafi da sunan wata mata da babu ita a duniya, na sa mata Matar Direba.

Asalin ƙuguna inci talatin ne. Tef ya fara hawa, talatin da ɗaya, da biyu, har talatin da uku ina sati goma sha biyu. Lokacin cikina tam yake kamar an hura, ga gyatsa, ga bayan gida sai in kwana uku ban yi ba, amma ban damu ba tunda tef yana hawa. A satin ne aka yi min hoton ciki, aka ce lafiya lau, har aka kunna mana bugun zuciyar muka ji. Sauri yake yi fat-fat-fat, kamar kekena in mai kaya ta tsaya a kaina tana jira. Maigidana ya fita waje wai zai amsa waya, alhali wayar tana jakata.

Ina shiga sati goma sha huɗu laulayi ya tsaya. Na tashi garau. Wallahi Goggo na fi son in kwana ina amai da in tashi garau, don na san abin da garau ta taɓa yi min. Na je na buɗe kwalbar man keke na shinshina da gangan ko zuciyata za ta tashi, shiru. Kuma a daidai wannan lokacin tef ya fara sauka. Talatin da biyu da rabi. Talatin da biyu. Yau kwana goma sha ɗaya yana nan a talatin da biyu bai motsa ba. Na ce ko tef ɗin ne ya miƙe don tsufa, na sayi sabo, shi ma abin da ya ce ke nan. Shekara da shekaru ina faɗa da mata masu shanye ciki in zan gwada su, ina ce musu su saki jiki kada rigar ta matse su, yau ga ni a bayan labule ina turo nawa waje ina yaudarar kaina. In na gwada bayan na ci abinci ina samun talatin da uku, amma na san shinkafa ce, ba na rubutawa.

Kuma har yau ban ji motsi ba. Wata mai kawo mana ɗinki ta ce ita tun wata uku take jin nata yana harbi. Ni ina kwanciya in ɗora hannu in yi tsit, ba abin da nake ji sai kukan hanjina.

Satin da ya wuce Yaya Almakashi ta ci karo da shafin. Ta tambaye ni wace ce wannan Matar Direban da ake gwadawa kullum amma ba ta taɓa kawo ko ƙyallen ɗankwali ba. Ta dubi lambobin, ta dube ni, ta gane. Ta wanke ni tas. Ta ce ita bakwai ta haifa, ba wanda ya taɓa ɗora mata tef, asibiti ma sai in ta ga dama. Daga nan ta ce abin da ya kamata in ji tsoro shi ne keken ƙafar nan, don a ganinta shi ne ya girgiza na farkon har ya lalace, tun lokacin take son faɗa ta yi shiru. Ta san ba ta kyauta ba, don da rana ta sayo min lemo da ayaba ta ajiye min. Amma maganar ta shiga. Tun ranar ban sake hawa keke ba. Ina zaune a 'yar kujera ta ƙasa, na duƙa tun safe har la'asar ina sa maɓalli da kalmasa da hannu, bayana kamar zai tsinke, ɗinkin mutane kuma ya taru a kanta har ya kusa taɓa silin.

Jikina dai yana ta wasu abubuwa da ban gane kansu ba. Yunwa kamar an yashe ni. In na miƙe da sauri ko na yi atishawa, sai wani abu ya soke ni a gefen mara, nan da nan ya saki. Dasashina yana jini in ina goge baki, hancina a toshe ba mura. Wani baƙin layi ya fito daga cibiya ya yi ƙasa. Rigunana biyu sai da na farke na ƙara musu a ƙirji. Har baƙin siket ɗina da nake zuwa aiki da shi ya fara yi min iskanci, bakin ƙugun sakwaf yake, amma zif ɗin ya ƙi tasowa daga ƙasa, sai na ja numfashi. Ina jin wanki ne ya sa yadin ya tsuke, ko cin da nake yi ne ya tafi ƙasa. Ban sani ba ko waɗannan duk alamun lalacewa ne.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto, wanda ban gaya wa kowa ba. Talatar da ta wuce ranar awona ce. Na shirya na je, na miƙa kati, na zauna a benci. Ƙofar ɗakin ba ta rufuwa sosai, ina jin bugun zuciyar 'ya'yan mutane ɗaya bayan ɗaya. Da ya rage mata biyu a gabana, sai na tashi kamar zan zaga banɗaki, na bi ta ƙofar baya na fice. Na shiga kasuwa na yi ta zagaye, na sayi zare kala shida da ba na buƙata, na koma gida daidai lokacin da ya kamata a ce an gama. Maigidana ya tambaye ni, na ce masa sun ce komai lafiya. Ko ƙwayoyin ƙarin jinin da ake ba mu ban karɓo ba, nawa sun ƙare tun ranar Asabar.

Washegari sai ga shi da katako a kafaɗa. Ya jingina a bayan ƙofa, ya zaro tef ɗinsa yana gwada lungun da ke tsakanin gadonmu da taga, yana fito. Rabon da in ji yana fito a cikin gida tun wancan cikin. Na shiga kicin na tsaya ina kallon tukunya.

Tunanina shi ne, muddin ban shiga ɗakin nan ba, ina da ciki. In na shiga, ƙila in fito ba ni da shi. Na san maganar banza ce, amma ita ke riƙe da ni. Goggo, ciki mai rai yana raguwa? Tsayawar laulayin nan irin ta wancan ce? Me ya sa ban ji motsi ba? Da gaske kekena ne ya kashe min na farko? Kuma da wane baki zan ce wa bawan Allah nan ƙarya na yi masa, alhali ya ce ranar Asabar zai fara yanka katakon? Ki gaya min gaskiya ko da ba daɗi, na gaji da gaskiyar tef.

Taki,
Mai Keken Ƙafa

AMSA

'Yata, na ture wasiƙun da suka riga taki na sa taki a gaba, don taki ba ta jira. Tunda gaskiya kika nema, bari in fara da ita. Daga inda nake zaune ba zan iya ce miki ɗanki lafiya yake ba. Shekara talatin da ɗaya na yi ina karɓar haihuwa, ban taɓa duba ciki ta takarda ba. Amma tef ɗinki ma ba shi da bakin da zai ce miki ba lafiya ba. Abin da kika daɗe kina rubutawa a shafin Matar Direba ba labarin ɗanki ba ne.

A sati goma sha shida mahaifa ba ta kai cibiya ba. Tana tsakanin ƙashin mara da cibiya, wajen rabin hanya, kuma sai kusan sati ashirin take isa cibiyar. Ke kuwa yatsa biyu sama da cibiya kike zagaya tef. Hanji kike gwadawa, da iska, da abincin jiya. Inci ukun da kika samu a farko kumburi ne, ke da bakinki kin ce ciki tam, ga gyatsa, ga bayan gida ya ƙi. Haka farkon ciki yake yi wa mata da yawa, hanji ya yi nawa, iska ta taru. Da hanjin ya ɗan saki sai kumburin ya saɓe, tef ya sauka. Mu ma muna gwada ciki da tef a asibiti, amma sai ya kai wajen wata shida, mace tana kwance, kuma a tsaye muke gwadawa, daga ƙashin mara zuwa saman mahaifa. Ba wanda ke zagaya shi.

Sai maganar baƙin siket, da kika jefo ta kamar ba komai ba. In da wata ce ta kawo miki siket ta ce bakin ƙugu sakwaf amma zif ya ƙi tasowa daga ƙasa, ai ba za ki ce wanki ba ne. Kallon mararta za ki yi ki yi murmushi. Ban ce hujja ba ce, amma in shaida kike nema a wajen sana'arki, siket ɗin ya fi tef sanin inda ake aiki.

Laulayi kuma, yawancin mata tsakanin sati goma sha biyu da sha shida yake sakinsu. Lokacinsa ne ya yi. Na fahimci abin da ya sa tashi garau ke firgita ki, kuma ba zan ce miki tsoron banza ba ne, don kin gani da idonki. Sai dai cikin biyu ba ɗaya ba ne. Wancan a sati goma ya tsaya, a cikin makonnin da aka fi yin ɓari. Wannan ya wuce su, kuma kin ji zuciyarsa da kunnenki a sati goma sha biyu. Cikin da ya kai nan da bugun zuciya, kaɗan ne ƙwarai ke lalacewa. Ban ce babu ba, na ce kaɗan ne.

Motsi bai makara ba. Macen da ba ta taɓa jin motsin ɗa ba, yawanci sai sati goma sha takwas zuwa ashirin take ganewa, wata ma ta wuce haka, musamman in mabiyiya ta zauna ta gaba ta tare. Farkonsa ba harbi ba ne, ɗan wutsil-wutsil ne da za ki ɗauka iska ce. Mai ce miki tun wata uku nata ke harbi, ki bar ta da labarinta. Ɗa a wannan lokacin yana juyi, yana miƙa ƙafa, yana haɗiyar ruwan da yake ciki, wani har yatsa yake tsotsa. Yatsunsa sun rabu, farce ya fara fitowa, zuciyarsa tana bugawa kusan ninki biyu na taki. Ƙarfin da zai sa ki ji shi ne bai yi ba tukuna.

Sauran abubuwan da kika lissafa, duk na wannan zangon ne. Sukar gefen mara jijiyoyin da ke riƙe da mahaifa ne ke miƙewa, ki riƙa tashi a hankali, in za ki yi atishawa ki ɗan duƙa ki tallafe marar. Jinin jikinki ya ƙaru, shi ya sa dasashi ke jini hanci ke toshewa. Ki nemi buroshi mai laushi, kada ki daina goge baki. Baƙin layin zai dushe bayan haihuwa. Yunwar kuwa ki biya mata buƙata, kaɗan-kaɗan sau da yawa, ki haɗa da wake, ƙwai, kifi, madara, ganye da 'ya'yan itace, ki ajiye gorar ruwa kusa da keke.

Yaya Almakashi ta yi daidai a rabi, ta yi kuskure a rabi. Ta yi daidai da ta ce ki cire tef daga jikinki, kuma ta yi daidai da take so ki huta. Amma keke ba ya tsayar da zuciyar ɗa. Yawancin ɓarin farkon ciki daga halittar ɗan tayin ne tun ranar da ya haɗu, ba abin da uwa ta taka ba ne ko ta ɗauka. Ba ke kika kashe shi ba, kekenki ma bai kashe shi ba. Haihuwa bakwai da ta yi ba awo, Allah ne ya tsare ta, ni na ga waɗanda ba su yi irin sa'arta ba. Kada ki riƙe ta a zuciya, matar da ta sayo miki lemo tsoro take ji irin naki, bakinta ne kawai bai iya faɗarsa da daɗi ba.

Duƙawar da kike yi a kujerar ƙasa ta fi keken cutar da ke. In an duba ki likita bai hana ba, ki koma kekenki. Ki samu kujera mai majingina, ki sa filo a bayanki, duk awa ɗaya ki tashi ki taka zuwa bakin titi ki dawo. Kan keke da dilar yadi ki bar wa wasu su ɗaga. Ki ɗinka wa kanki siket biyu masu roba, abin kunya ne tela ta riƙa jan numfashi don zif. Ki fara sabawa da kwanciya ta gefe. Ƙwayar ƙarin jini ki koma mata, kada ki haɗa ta da shayi don yana hana ta shiga jiki, kuma kada ki sha wani magani ko jiƙo da ba a asibiti aka ba ki ba. In kika ga jini, ko ruwa yana zuba, ko ciwon mara mai tsanani da ba ya saki, ko zazzaɓi, ko zafin fitsari, ko ciwon kai da gani dishi-dishi, ba a jiran ranar awo, a lokacin ake tafiya.

Yanzu ƙofar bayan da kika bi. Ban ga laifinki ba, na ga mata da yawa sun tashi daga bencin nan, wasu har na bi su na dawo da su. Amma ki duba da kyau. In ɗan lafiya yake, kina azabtar da kanki a banza, kuma kina hana shi gwajin jini da na fitsari da awon hawan jini da maganin da ya kamata ku samu. In kuma, Allah ya kiyaye, akwai matsala, rashin shiga ɗakin ba zai gyara ta ba, jikinki kawai zai jefa cikin haɗari. Ko ta ina kika duba, shiga ta fi. Kada ki jira wata Talata, gobe da safe ki tafi. Tun a wajen miƙa kati ki gaya wa nas abin da ya same ki a wancan cikin, ki ce a fara saurara miki zuciyar kafin komai. Ba roƙon alfarma ba ne, abin da muke so a gaya mana ke nan. In ba a kama bugun nan take ba kada ki sume musu, ɗan ƙarami ne yana zillewa, za su nema, in ta kama su yi hoto. Ki kuma tambaya ko za ki iya riƙa leƙowa tsakanin ranakun awo har ki fara jin motsi.

Maigidanki kuwa yau za ki gaya masa, kafin zarto ya taɓa katakon nan. Ba sai kin tsara magana ba. Ki ɗauko littafin, ki buɗe masa shafin Matar Direba, ki ce ranar Talata kin kasa shiga. Zai ji zafin ƙaryar, ki bar shi ya ji, haƙƙinsa ne. Amma mutumin da ya kwance gadon jariri da hannunsa ya mayar da shi kanta, shi ma ɗa ya rasa, kuma ramukan nan takwas shi ya huda su. Ba ke kaɗai kika san su ba. Kin ɗauke masa tsoron kina ganin tausayinsa kike yi, alhali shi ne ya fi kowa cancantar ya zauna kusa da ke a bencin nan. In yana gefenki, ba za ki samu hanyar banɗaki ba.

Kafin ku fita gobe, ki yi gwaji ɗaya na ƙarshe, ba a jikinki ba. Ki zaro tef ɗin, ki kama inci huɗu da rabi tsakanin manyan yatsunki biyu, ki nuna masa. Daga kai zuwa mazaunai, kusan tsawon ɗan tayin wata huɗu ke nan. Shi za ku je dubawa. Daga nan ki naɗe tef ɗin ki sa masa a aljihu kusa da nasa, ya riƙe miki har ku fito. Matar Direba kuma ki ja layi a shafinta ki sallame ta, ta ci miki lokaci da yawa ba ta kawo ɗinki ba.

Ina yi miki fatan gobe ki ji ƙarar nan mai saurin kekenki, maigidanki kuma ya sake fita amsa wayar da ke jakarki. In ma wani abu aka gaya muku daban, ku biyu za ku ji shi, a hannun waɗanda suka san abin yi. Allah ya raya abin da ke cikinki, ya raba ku lafiya, ya sa katakon nan ya zama gado ya tsaya a gado.

Goggonku